BABI NA UKU: FASSARA SAKAMAKON GWAJIN JINI DA MAGANCE ƘARANCIN JINI MAI NASABA DA SINADARIN ƘARFE

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin matsayin jini a tunanin Bahaushe, da kuma alamomin da yake dubawa kafin ya ce wane ba shi da jini, kamar koɗewar fata da jiri da kasala da haki. Wannan babi kuwa zai mayar da hankali ne a kan takardar da ɗakin gwaje-gwaje na asibiti yake bayarwa bayan an ɗebi jinin majiyyaci. Za a bayyana ma'anar lambobin da ke kan takardar, da yadda ake haɗa su a gane ko rashin sinadarin ƙarfe ne ya jawo matsalar, sannan a kawo hanyoyin magani.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, ƙarancin jini alama ce da cututtuka da dama suke haifarwa, don haka maganinsa ya dogara ne ga gano abin da ya kawo shi. Muhimmancin wannan batu a ƙasar nan ba ɓoyayye ba ne. Binciken yawan jama'a da lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59, da kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49, suna da ƙarancin jini.

3.1 Matsayin Sinadarin Ƙarfe a Jikin Ɗan'adam

Jajayen ƙwayoyin jini su ne suke ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sauran sassan jiki. Suna yin wannan aiki ne ta hanyar wani sinadari da ke cikinsu mai suna hemogulobin, wanda shi ne yake ba jini launinsa ja. Ba a iya gina hemogulobin sai da ƙarfe. Jikin baligi yana ɗauke da kimanin giram 3 zuwa 4 na wannan ƙarfe, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasa yana cikin hemogulobin ne. Mafi yawan ragowar yana ajiye a hanta da saifa da ɓargo.

Kowace jar ƙwaya takan rayu kimanin kwana 120. Idan ta tsufa, jiki yakan farfasa ta ya kwashe ƙarfen da ke cikinta, ya mayar da shi ɓargo domin gina sabuwa. Saboda wannan tanadi, abin da lafiyayyen namiji yake asara a rana bai wuce miligiram 1 ba, kuma hanjinsa yana tsotsar miligiram 1 zuwa 2 daga abinci domin cike gurbin. Lissafin yakan rushe ne idan jini yana zuba, domin kowace mililita ɗaya ta jini tana fita da kusan rabin miligiram na ƙarfe. Haka kuma yakan rushe idan buƙata ta ƙaru. Goyon ciki ɗaya, daga farkonsa har zuwa haihuwa, yana cin kimanin miligiram 1,000.

Ƙarfe ba ya ƙarewa a lokaci guda. Da farko ajiyar da ke hanta da ɓargo ita ce take raguwa, alhali hemogulobin yana nan daidai. Daga nan sai ƙarfen da ke yawo a cikin jini zuwa ɓargo ya ragu. A mataki na ƙarshe ne ɓargo yake fara fitar da ƙwayoyi ƙanana marasa cikakken launi, hemogulobin ya faɗi. Za a iya kwatanta wannan da magidancin da rumbunsa yake ƙarewa: iyali suna ci gaba da cin tuwo har sai ranar da aka share ƙasan rumbu. Sanin waɗannan matakai uku shi ne mabuɗin fahimtar takardar gwaji.

3.2 Awon da ke Kan Takardar Gwaji

3.2.1 Hemogulobin da PCV

Lamba ta farko da ake dubawa ita ce ta hemogulobin, wadda ake rubutawa Hb, ana kuma auna ta da giram a kowace desilita ta jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara tsayar da iyakokin da ake amfani da su a shekarar 1968, ta kuma yi musu gyara a shekarar 2024. Bisa ga gyaran, ana cewa mutum yana da ƙarancin jini idan awonsa ya gaza waɗannan:

(a) Yara 'yan wata 6 zuwa 23: giram 10.5
(b) Yara 'yan wata 24 zuwa 59: giram 11
(c) Yara 'yan shekara 5 zuwa 11: giram 11.5
(d) Yara 'yan shekara 12 zuwa 14, da mata marasa ciki: giram 12
(e) Maza daga shekara 15 zuwa sama: giram 13
(f) Mata masu ciki: giram 11 a watanni ukun farko da ukun ƙarshe, giram 10.5 a watanni ukun tsakiya.

Idan awon ya gaza giram 7 ga mai ciki ko yaron da bai kai shekara 5 ba, ko giram 8 ga sauran mutane, ana ɗaukarsa a matsayin mai tsanani.

A yawancin ƙananan asibitocin ƙasar nan, PCV aka fi aunawa, domin ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Ana zuba jini a siririn bututun gilashi, a juya shi da ƙarfi har jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, sannan a auna kason da suka ɗauka cikin 100. A bisa ƙiyasi, PCV yana ninka Hb sau uku, wato Hb 11 yana daidai da PCV kimanin 33.

Akwai abubuwan da suke iya ruɗar mai karanta waɗannan lambobi. Wanda gudawa ko amai ya ƙarar wa ruwan jiki, jininsa yakan yi kauri, sai PCV ya nuna sama da gaskiyar lamari. Wanda jini ya ɓalle masa yanzu-yanzu, kamar mai haihuwa ko wanda ya yi haɗari, awonsa yana iya fitowa daidai a sa'o'in farko, alhali yana cikin hatsari. Mazauna wurare masu tudu kamar Jos kuwa hemogulobin ɗinsu yakan ɗan ɗara na mazauna kwari, don haka ake yin gyara a lissafinsu. Abu mafi muhimmanci shi ne, Hb da PCV suna nuna akwai ƙarancin jini ne kawai, ba su faɗin dalilinsa.

3.2.2 Girman Ƙwayoyin Jini

Asibitocin da suke da na'urar ƙirga ƙwayoyin jini sukan ba da takarda mai layuka da yawa, wadda ake kira FBC. A cikinta akwai MCV, wato matsakaicin girman jar ƙwaya ɗaya. Ga baligi yakan kasance tsakanin femtolita 80 zuwa 100. Wannan lamba tana raba ƙarancin jini gida uku:

(a) Ƙasa da 80: ƙwayoyin ƙanana ne. An fi samun haka a rashin ƙarfe, amma ana samunsa kuma ga masu gadon talasemiya, wanda nau'insa na alfa ya yawaita a Afirka ta Yamma.
(b) Tsakanin 80 da 100: ana samun haka a zubar jini na farat ɗaya, da ciwon ƙoda, da cututtuka masu daɗewa, da farkon rashin ƙarfe.
(c) Sama da 100: ƙwayoyin manya ne, abin da yake nuni ga rashin sinadarin folik ko bitamin B12, ko ciwon hanta, ko yawan shan giya.

Kusa da MCV akwai MCH, wanda yake nuna yawan hemogulobin a ƙwaya ɗaya, shi ma yakan ragu idan ƙarfe ya yi ƙaranci. Sai RDW, mai nuna bambancin girma tsakanin ƙwayoyi. A rashin ƙarfe yakan hau, domin tsofaffin ƙwayoyi masu cikakken girma suna gauraye da sababbi ƙanana. Ga mai gadon talasemiya kuwa sau da yawa ba ya hawa, domin ƙwayoyinsa duka ƙanana ne tun asali.

3.2.3 Feritin

Feritin shi ne sinadarin da jiki yake ajiye ƙarfe a cikinsa, kuma ɗan abin da ake samu a jini yana nuna yawan abin da ya rage a ajiya. Shi ne gwajin da ya fi tabbatar da rashin ƙarfe. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2020, feritin da ya gaza maikurogiram 12 a lita ga yaron da bai kai shekara 5 ba, ko 15 ga wanda ya haura haka, yana nufin ajiya ta ƙare. Likitoci da dama sukan fara magani tun daga ƙasa da 30.

Sai dai feritin yana da wata ɗabi'a da ya kamata a kula da ita. Yakan hau duk lokacin da jiki yake fama da zazzaɓi ko wata cuta mai kumburi, ko da kuwa ajiyar ƙarfe ta ƙare. Wannan babbar matsala ce a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare. Saboda haka hukumar ta ɗaga iyakar zuwa 30 ga yaron da bai kai shekara 5 ba, da 70 ga wanda ya haura haka, idan akwai alamar irin wannan cuta. Ke nan, feritin mai ƙasa hujja ce a kan rashin ƙarfe, amma feritin da ya fito daidai ga mai zazzaɓi bai isa ya kore shi ba. A irin wannan hali akan ƙara gwajin CRP, mai nuna ko akwai kumburi a jiki, da kuma awon cikar taransferin, wato sinadarin da yake dakon ƙarfe a cikin jini. Idan cikarsa ta gaza kashi 20 cikin 100, alama ce ƙarfe ba ya isa ɓargo.

3.2.4 Gwaje-gwajen Taimako

Duba jini a ƙarƙashin madubin likita yana nuna siffar ƙwayoyi, ko ƙanana ne masu farin ciki a tsakiya, ko masu siffar lauje irin na sikila, yana kuma nuna ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Gwajin jinotayif yana bambance AA da AS da SS. Gwajin bayan gida yana gano ƙwan tsutsar ciki da ɓoyayyen jini, shi kuma gwajin fitsari yana gano tsargiya.

3.3 Misalan Fassara

Domin a ga yadda ake haɗa waɗannan lambobi, za a ƙaddara mutum uku waɗanda dukkansu Hb ɗinsu giram 8.5 ne.

Ta farko mace ce mai shekara 28, ta haihu sau huɗu a cikin shekara shida, tana kuma zubar da jinin al'ada mai yawa. MCV ɗinta 68, RDW ya hau, feritin 6. Duk lambobin sun tafi hanya ɗaya, kuma tarihinta ya bayyana dalili. Wannan rashin ƙarfe ne ba shakka.

Na biyu saurayi ne mai shekara 17, idonsa yana da launin shawara, yana fama da ciwon gaɓoɓi tun yana yaro. MCV ɗinsa 88, feritin 600, jinotayif SS, an kuma sha yi masa ƙarin jini. Ƙwayoyinsa suna fashewa ne da wuri, ƙarfensu kuma yana taruwa a jiki. Ba shi ƙwayar ƙarfe zai ƙara wa hanta da zuciya nauyin da zai iya lalata su.

Na uku dattijo ne mai shekara 60, MCV 72, feritin 9, ba ya ganin jini yana fita daga ko'ina. Lambobinsa irin na mace ta farko ne, amma ma'anarsu ta fi nauyi. Namiji ba ya al'ada, ba ya haihuwa, don haka sai a tambayi inda ƙarfensa yake tafiya. Ana ɗaukar cewa jini yana tsiyaya a cikin ciki ko hanji har sai bincike ya nuna akasin haka. Yana iya zama gyambon ciki, ko illar yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen, ko ciwon daji na hanji. Idan aka ba shi ƙwaya kawai aka sallame shi, awonsa zai gyaru, ciwon kuma ya ci gaba da girma a ɓoye.

3.4 Neman Musabbabi

Abubuwan da suke jawo rashin ƙarfe ba su wuce huɗu ba: zubar jini, ƙaruwar buƙata, ƙarancinsa a abinci, da gazawar hanji wajen tsotsa. A ƙasar Hausa, ban da al'ada da haihuwa kusa-kusa, akwai tsutsar ciki mai ƙugiya, wadda take shiga ta tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi ta maƙale a hanji tana shan jini. Akwai tsargiya, wadda yara suke ɗauka a kududdufai da wuraren noman rani. Akwai basir mai jini. Haka nan wasu ayyukan gargajiya kamar yawan yin ƙaho da yankan gishiri suna ƙara asarar jini ga wanda dama ba shi da ajiya.

Zazzaɓin cizon sauro yana da matsayi na musamman, domin yana farfasa jajayen ƙwayoyi, yana kuma hana hanji tsotsar ƙarfe. Aikin da Farfesa Alan Fleming da abokan aikinsa suka yi a Zariya, wanda aka buga a shekarar 1986, ya nuna muhimmancin haɗa rigakafin wannan zazzaɓi da ƙarfe da folik ga mata masu cikin fari. Don haka ba a raba maganin ƙarancin jini da maganin zazzaɓi a wannan yanki.

3.5 Hanyoyin Magani

3.5.1 Ƙwayar Ƙarfe

Maganin farko shi ne ƙwayar ƙarfe ta sha. Wadda aka fi sani ita ce feros salfet mai miligiram 200, wadda take ɗauke da miligiram 65 na ainihin ƙarfe. A da akan ba da ita sau uku a rana. An sauya wannan ra'ayi bayan gano wani sinadari mai suna hefsidin a farkon shekarun 2000, wanda hanta take fitarwa domin rufe ƙofar tsotsar ƙarfe a hanji. Binciken da aka yi a Zurich ta ƙasar Suwizalan, wanda aka buga a 2015 da 2017, ya nuna cewa shan ƙwaya yana ɗaga hefsidin na tsawon kusan kwana guda, har ya rage amfanin ƙwayar da ta biyo baya. Saboda haka yanzu ana ba yawancin manya ƙwaya ɗaya a rana, ko ɗaya bayan kwana ɗaya ga wanda take damun cikinsa.

An fi tsotsar ta idan ciki babu abinci, ko aka haɗa ta da ruwan lemo. Shayi da madara da maganin gyambon ciki suna hana ta shiga jiki, don haka a raba su da ita da kamar sa'a biyu. Takan mayar da bayan gida baƙi, wanda ba illa ba ne, takan kuma jawo tashin zuciya ko taurin bayan gida. Wajibi ne a sanar da majiyyaci wannan tun farko, domin shi ne babban abin da yake sa mutane su daina sha. Haka kuma a ɓoye ta daga yara, domin yaron da ya haɗiye ƙwayoyi da yawa yana iya rasa ransa.

Ana sake gwaji bayan mako 3 zuwa 4, inda ake sa ran Hb ya ƙaru da kimanin giram 2. Idan bai ƙaru ba, ko dai ba a shan maganin, ko jini yana ci gaba da zuba, ko hanji ba ya tsotsa, ko kuma tun asali ba rashin ƙarfe ba ne. Bayan Hb ya koma daidai ana ci gaba da sha na wata 3, domin a cika ajiyar da ta ƙare tun a matakin farko.

3.5.2 Allurar Ƙarfe da Ƙarin Jini

Ana ba da ƙarfe ta jijiya ga wanda ƙwaya ta gagare shi, ko hanjinsa ba ya tsotsa, ko mai cikin da haihuwarta ta matso. Wani gwaji da aka yi a kan mata masu ciki fiye da 1,000 a jihohin Legas da Kano, wanda aka buga a 2024, ya gano cewa allurar ta fi ƙwaya kawar da rashin ƙarfe, amma yawan matan da suka rage da ƙarancin jini a mako na 36 bai bambanta sosai ba tsakanin rukunonin biyu. Wannan ya ƙara nuna cewa ƙarfe ba shi kaɗai ne musabbabi ba.

A nan ya dace a lura da wata matsalar harshe. Bahaushe yana kiran jinin da ake ɗaura wa majiyyaci ƙarin jini, yana kuma kiran kwalaben da ake sayarwa a kemis maganin ƙarin jini. Na farko ceton gaggawa ne ga wanda jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, ko yake zubar da jini, ko zuciyarsa ta fara gazawa. Na biyu kuwa yawan ƙarfen da ke cikinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, ya fi ƙwaya tsada, kuma akan saye shi ba tare da wani gwaji ba.

3.5.3 Abinci

Ƙarfen da ke cikin hanta da jan nama da kifi ya fi saurin shiga jiki. Wanda ke cikin wake da gero da dawa da zogale da alayyafo kuwa kaɗan ne daga cikinsa ake tsotsa, saboda wasu sinadarai na hatsi da suke ɗaure shi. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana rage wannan ɗauri. Haɗa abinci da lemo ko gwaiba ko tumatir ko garin 'ya'yan kuka yana ƙara tsotsa, saboda bitamin C da ke cikinsu. Madara kuwa, duk da sunan da ta yi wajen ƙara jini, ƙarfen da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai. Abinci yana hana matsalar aukuwa ko dawowa, amma shi kaɗai ba ya saurin cike gurbin da ya riga ya buɗe.

3.5.4 Masu Ciki da Ƙananan Yara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikurogiram 400 na folik kullum. A wurin awon ciki akan haɗa wannan da maganin rigakafin zazzaɓi da na tsutsa daga watanni ukun tsakiya, tare da gidan sauro. Jinkirta yanke cibiya na minti 1 zuwa 3 yana ƙara wa jariri ajiyar ƙarfe. Daga wata 6, nonon uwa kaɗai ba ya wadatar da shi, sai an haɗa da abinci mai ƙarfe. Wani gwaji da aka yi a tsibirin Pemba na Tanzaniya, wanda aka buga a 2006, ya nuna cewa raba wa yara ƙarfe ba tare da kula da zazzaɓin cizon sauro ba ya ƙara yawan kwanciya asibiti. Saboda haka a yankuna irin namu ake ba yara ƙarfe tare da rigakafin zazzaɓi da saurin maganinsa.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ana karanta takardar gwajin jini ne daki-daki. Hb ko PCV yana nuna akwai ƙarancin jini da tsananinsa, MCV yana nuna rukuninsa, feritin yana tabbatar da rashin ƙarfe, tarihin majiyyaci da sauran gwaje-gwaje kuma suna bayyana inda ƙarfen ya tafi. An kuma ga cewa cikakken magani ya ƙunshi toshe hanyar asara, da ba da ƙarfe har ajiya ta cika, da sake gwaji. Misalan da aka kawo sun nuna cewa mutum uku masu awo ɗaya suna iya buƙatar magani iri uku, kuma abin da ya warkar da ɗaya yana iya cutar da ɗaya. Babi na gaba zai dubi magungunan gargajiya da Hausawa suke amfani da su domin ƙara jini, a auna su da waɗannan ma'aunai.